Babbar Hanyar Tarayya ta A2 da Matsayin Kafanchan: Tarihin Hanya da Sawunta a Cikin Harshe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun babbar hanyar mota ta tarayya mai lamba A2, wato wadda ta taso daga yankin Fatakwal ta ƙare a kan iyakar Nijeriya da Nijar bayan Daura, tare da mayar da hankali a kan kudancin Jihar Kaduna da garin Kafanchan. Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa manazarcin harshe da kwalta. Amsar ita ce, Hausa ba ta isa wannan yanki da ƙafarta ba. Fatake ne suka fara kai ta, jirgin ƙasa ya ƙara mata mazauni, sannan motar haya ta yaɗa ta ƙauye-ƙauye. Kowace hanya daga cikin waɗannan ta bar sunaye da kalmomi a inda ta bi, kuma har yau ana iya karanta su a allunan bakin titi. Aikin koyarwa ne ya raba ni da ƙasar Sakkwato ya kawo ni nan, kuma yawancin abin da zan faɗa game da sunayen garuruwa na tsince shi ne a cikin zirga-zirgar zuwa gida da dawowa. Na bar sunayen kamar yadda aka saba rubuta su a alluna, saboda dalilin da zai zo a gaba.

2.0 Tsarin Lambobi da Inda Hanyar ta Bi

Manyan hanyoyin tarayya da suka taso daga kudu suka miƙe arewa guda huɗu ne. A1 ta tashi daga Legas ta bi Ibadan da Ilori da Jabba da Kwantagora ta kai Sakkwato da Illela. A3 ta tashi daga Fatakwal ta bi Inugu da Makurɗi da Lafiya da Jos da Bauchi ta kai Maiduguri da Gamboru. A4 ta tashi daga Kalaba ta bi Jalingo da Numan. Ita kuwa A2, wadda tsawonta ya haura kilomita 1,200, ta fara nufar yamma ne zuwa Warri da Binin, sannan ta juya arewa ta Auchi da Okene da Lakwaja, ta haye Kwara, ta wuce ta gefen Abuja a Gwagwalada da Zuba, ta kai Kaduna da Zariya da Kano da Kazaure da Daura, ta tsaya a Kongolam.

Akwai hikima a cikin lambobin hanyoyin da suka gitta tsakanin waɗannan huɗu, wadda direbobi kaɗan ne suka lura da ita. Alƙaluma biyu na farko suna nuna manyan hanyoyin da aka haɗa. Alal misali, A126 ta haɗa A1 da A2, wato daga Sakkwato ta Gusau da Funtuwa zuwa Zariya. A234 ta haɗa A2 da A3 daga Abuja ta Keffi zuwa Akwanga, A236 kuma daga Zariya ta Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos. A tsakanin waɗannan biyu ne A235 take, wadda ta fito daga Kaduna ta bi Kujama da Kasuwan Magani da Kachia ta nufi yankin Kafanchan.

Daga nan matsayin Kafanchan ya fito fili. A2 ta ratsa yammacin yankin, ta Jere da Katari da Rijana da Doka, nesa da garin. A3 ta shafi kusurwar kudu maso gabas, ta Gwantu da Fadan Karshi a Ƙaramar Hukumar Sanga, kafin ta fara hawan dutsen Filato a Hawan Kibo. Mai mota daga Akwanga zuwa Jos ba ya shiga Kafanchan, haka ma mai tafiya daga Abuja zuwa Kano. Garin da ya taɓa zama mahaɗar gabas da arewa ya koma wurin da sai an yi niyya ake zuwa.

3.0 Hanyar Fatake

Tun kafin zuwan Turawa da daɗewa akwai hanyar ayari da ta taso daga Kano da Zariya ta gangara kudu zuwa Keffi da Nasarawa, ta kai Loko a bakin Binuwai. Babu yadda za a yi wannan tafiya ba tare da an ratsa ƙasashen Adara da Atyap da Bajju da Ham ba. Fatake kan sauko da kanwa da gishiri da tufafin Kano da dawaki, su koma da hauren giwa da bayi, daga baya kuma da hajar Turawa da ake saukewa a Loko. Wuraren da ayari kan yada zango su ne suka zama garuruwan Hausawa a tsakiyar ƙasar da ba ta Hausawa ba. Sunan Zangon Kataf shi kaɗai ya isa shaida.

Matafiyan Turai sun bi wannan turba sun kuma rubuta abin da suka gani. A shekarar 1827, bayan rasuwar Clapperton a Sakkwato, baransa Richard Lander ya nufo kudu har ya isa wani gari da ya rubuta sunansa Dunrora, wanda ake ɗauka Daroro ne, kafin mahaya daga Zazzau su komar da shi. Gerhard Rohlfs ya bi ta Zangon Kataf a 1867 a kan hanyarsa daga Bauchi zuwa Keffi. Paul Staudinger ya taso daga Loko zuwa Zariya a 1885. Wanda ya fi shafar fagenmu shi ne Charles Henry Robinson, wanda ya bi wannan hanya a 1894 zuwa Kano, ya kuma fitar da ƙamusunsa na Hausa a Cambridge tsakanin 1899 da 1900.

Wajibi ne a faɗi cewa hanyar ba ta ciniki kaɗai ba ce. Masarautar Jama'a, wadda aka kafa a Daroro wajen 1810, tana ƙarƙashin Zazzau ne, kuma bayi na cikin gaisuwar da ake aikawa Zariya. Al'ummomin da ke zaune a duwatsu, irin su Kagoro, ba don sha'awar hawa suka zauna can ba. Duk wanda zai yi nazarin matsayin Hausa a wannan yanki ya manta da wannan, to ba zai gane dalilin da ya sa mutum yake magana da Hausa tun daga safe har dare amma yake ƙin sunan da Bahaushe ya ba kakanninsa ba. Rikicin Zangon Kataf na watannin Fabrairu da Mayun 1992, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya faro ne daga batun sauya wa kasuwa mazauni, wato a ainihin abin da zango ya haifar.

4.0 Zamanin Dogo

Layin dogo na yamma ya isa Kano a 1911. Na gabas an fara shi daga Fatakwal a 1913 saboda kwal ɗin da aka gano a Udi, ya kai Inugu a 1916, yaƙin duniya na farko ya tsayar da shi, sannan aka ci gaba. Tsakanin 1926 da 1927 layin ya iso Kafanchan, ya haɗu da na yamma a Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga Kafanchan zuwa Jos. Kafin nan kuzar Filato tana fita ne ta wani siririn layi da ya haɗa Jos da Zariya, wanda aka rufe a 1957. Da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932 sai jirgi ya daina jiran fito a Binuwai. Daga baya, tsakanin 1958 da 1964, aka ja layi daga Kuru zuwa Maiduguri, saboda haka gyaɗar Barno da shanunta ma sai sun biyo ta Kafanchan kafin su ga teku.

A ƙasar Fantswam aka dasa tashar, kuma a cikin 'yan shekaru gari ya tashi a gefenta. Ma'aikatan reluwe Ibo da Yarabawa da Ibibiyo suka zo, Hausawa 'yan kasuwa da leburori suka zo. A 1933 aka maido da fadar Sarkin Jama'a Kafanchan. Mutanen da ba su da harshe ɗaya suka sami kansu a kasuwa ɗaya, sai Hausa da Turancin buroka suka raba aikin a tsakaninsu. A daidai wannan lokaci ne mishan ta ƙara wa Hausa ƙarfi ta wata fuskar. 'Yan mishan na SIM sun zauna a Kwoi tun 1910, kuma da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sai ya zama da ita ake karatu da wa'azi da waƙa a majami'un yankin. Ke nan Hausa ta shiga gidajen da fatake ba su taɓa shiga ba, ta hannun mutanen da ba Hausawa ba.

A wancan zamani hanyar mota baiwar dogo ce. Gwamnatin mulkin mallaka ta fi son hanyoyin da za su kawo amfanin gona tashar jirgi a kan waɗanda za su yi gasa da shi, kuma yawancinsu na jar ƙasa ne da hakimai da dagatai ke tara talakawa su share.

5.0 Yadda Kwalta ta Karɓe Ragama

A2 ba a rana ɗaya aka zana ta aka gina ba. Guntaye ne aka ɗinka. Sashen Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano tsoho ne, domin Kaduna ta zama hedikwatar Arewa tun 1917. Amma a da mai zuwa Legas daga Kaduna ta Birnin Gwari da Tegina da Makwa da Jabba yake bi, ba ta Lakwaja ba. Abubuwa uku suka sauya wannan. Na farko yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya katse layin gabas ya kuma watsa ma'aikatansa. Na biyu kuɗin man fetur. An yi dokar hanyoyin tarayya a 1971, aka koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, a 1974 gwamnatin tarayya ta karɓi dubban kilomitoci na hanyoyi daga hannun jihohi, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Na uku, kuma mafi girma, shi ne Abuja. Dokar 3 ga Fabrairun 1976 ta kafa sabon babban birni, aka gina gada a kan Kwara kusa da Koton Ƙarfe, kuma kafin gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disambar 1991 hanyar da ta bi ta Jere da Katari ta riga ta zama jijiyar ƙasa. A zamanin mulkin Janar Babangida aka mayar da hanyar Abuja zuwa Kano tagwaye.

Gwargwadon yadda kwalta ta ƙaru, gwargwadon yadda dogo ya ja baya. Tun daga shekarun 1980 jiragen da ke tsayawa a Kafanchan suka yi ta raguwa. Cittar Kachia da Kwoi da Kagarko, wadda ita ce babbar hajar da yankin ke fitarwa waje, ta koma bayan tirela. Wanda ya zaga unguwar ma'aikatan reluwe a Kafanchan zai ga gidaje da rumfunan gyara da aka yi wa gari mai aiki dare da rana.

Ita ma A2 ba ta zauna lafiya ba. A ƙarshen 2017 aka ba da kwangilar sake gina kilomita 375 daga Abuja zuwa Kano, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta soke abin da ya rage na kwangilar a sashen Abuja zuwa Kaduna. Daga wajen 2016 satar mutane ta addabi dazuzzukan Rijana da Katari, har masu hali suka koma sabon jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yulin wannan shekara. Ranar 28 ga Maris ɗin 2022 aka kai wa jirgin hari, bai dawo aiki ba sai a watan Disamba. Shi ma wannan sabon layi gefen A2 ya bi, bai waiwayi Kafanchan ba.

6.0 Sawun Hanya a Cikin Harshe

6.1 Kalmomi

Kalmomin tafiya a Hausa hawa-hawa suke, kamar yadda hanyoyin suke. Na ƙasa su ne na zamanin ayari: hanya, turba, tafarki, gwadabe, burtali, zango, fito, madugu, jagaba, mararraba. A kansu na dogo suka hau: tasha, reluwe, lebura, tikiti. Shi kansa jirgi da na ruwa ne kawai, sai aka faɗaɗa ma'anarsa aka sami jirgin ƙasa. Na sama su ne na mota: kwalta, kwalbati, direba, birki, taya, kwana, tirela, fijo, da ɗan kamasho. Ana danganta titi da Yarabanci, haka ma kiya-kiya. Gada kuwa ana ganin ta fito ne daga kalmar Ingilishi mai nufin dogon ƙarfen da ake girkawa a ɗora ginin a kai, wato an ɗauki sunan ɓangare an ba dukkan abu. Abin lura shi ne tsofaffin kalmomin ba su mutu ba, ma'ana suka sauya. Yau ana cewa zangon karatu, ana kiran shugaban 'yan adawa madugu, jagaba kuma ta shiga siyasa. A gefe guda Bahaushe ya ƙirƙiri nasa, kamar shataletale da a-kori-kura.

Wannan jeri yana taimakawa wajen sanin shekarun sunan gari. Gidan Waya, inda Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna take, ba zai girmi zuwan wayar tangaraho ba, domin waya kalmar aro ce daga Ingilishi. Duk garin da sunansa ya fara da Kwanar ko Tashar, a zamanin mota ko na jirgi ya sami wannan suna, ko da mutane sun daɗe a wurin.

6.2 Sunayen Al'ummomi

Sunaye da dama a yankin da ka suke farawa: Kataf, Kaje, Kagoro, Kadara, Kagoma, Kaninkon, Kamantan, Kafanchan. Masu su kuwa suna kiran kansu Atyap, Bajju, Agworok, Adara, Gwong, Nikyob, Anghan, Fantswam. Harsunan nan na rukunin Filato ne a cikin dangin Binuwai-Kwango, kuma suna da ɗafa-goshi masu rarraba sunaye aji-aji. Bajju mutane ne, Jju harshensu, Kajju kuma ƙasarsu. A ganina wannan ya nuna yadda Kaje ta samu: baƙo ya tambayi sunan wuri, aka faɗa masa, sai ya ɗora wa mutanen. Kuskure ne irin na matafiyi, wanda wuri yake fara sani kafin ya san mai wurin. Turawa suka tarar da sunayen a bakin tafintocinsu Hausawa suka rubuta, shi ya sa C. K. Meek a 1931 da Harold Gunn a 1956 duk da su suka yi aiki.

Al'ummomin sun daɗe da komawa sunayensu na asali, kuma kafa masarautun Atyap da Bajju a 1995 ya tabbatar da haka a hukumance. Ina ganin ya kamata mu masu rubutu da Hausa mu bi su. Ba mu da hujjar ci gaba da rubuta Kaje ko Kadara a matsayin sunan mutane a maƙalunmu alhali masu sunan sun ce ba haka suke so ba. Sunayen wurare irin su Kafanchan da Zangon Kataf kuwa sun zauna a taswira da takardun gwamnati, hukuncinsu daban ne.

Game da rubutu, ƙa'idar Hausa ta yau za ta ba mu Kafancan da Kaciya. Harafin ch na alluna gadon tsohon rubutu ne. Amma tunda asalin sunayen ba Hausa ba ne, ban ga ikon da muke da shi na gyara wa masu gari rubutun sunan garinsu ba.

6.3 Mahaɗin Mallaka a Allunan Hanya

Nan ne abin ya fi ɗaukar hankalina. A daidaitacciyar Hausa suna na mace mai ƙarewa da wasalin a yana ɗaukar -r, saboda haka kasuwar, fadar, unguwar, mararrabar za a ce. Amma a allunan yankin ga abin da ke rubuce: Kasuwan Magani, Fadan Karshi, Fadan Kagoma, Unguwan Rimi, Mararraban Rido, Jama'an Daroro. Da farko na ɗauka kuskuren masu fenti ne, har nakan gyara wa ɗalibai a takardunsu. Daga baya na lura haka kowa ke furtawa, har da Hausawan da aka haifa a nan. Mahaɗin -n ya mamaye wurin -r, kuma wannan ɓangare ne na raunin bambancin jinsi da aka daɗe da sani a karin harshen Zazzau da na Bauchi, wanda ya ƙara ƙarfi a bakin waɗanda Hausa harshe na biyu ce gare su.

Sai dai a yi hattara da misalai. Kasuwan Magani ba shaida ce mai ƙarfi ba. A Sakkwatanci mahaɗin mace yakan rikiɗe ya zama baƙin da ke biye, mu ce rigas sarki, don haka ni ma kasuwam magani zan furta, kuma kunne ba zai bambanta wannan da -n da ta koma m a gaban m ba. Fadan Karshi ita ce shaida tsayayya. Bakano zai ce fadar, Basakkwace ya ce fadak Karshi, amma nan hanci ake ji ƙarara.

Ita kanta A2 ta zama ma'auni. A Jihar Kano ana cewa Kwanar Dangora, da -r ɗinta. Da an shigo ƙasar Zazzau sai a tarar da garin da wasu ke rubutawa Tashar Yari, wasu Tashan Yari. Kafin a shiga Kaduna daga arewa kuwa, matattarar manyan motocin nan Maraban Jos aka fi saninta da shi, an gajarta kalmar an kuma sauya mahaɗin. Daga nan zuwa Jere, ko a kan A235 zuwa Kafanchan, da wuya a sake jin -r a sunan wuri.

Alluna kaɗai ba za su wadatar ba, domin mai fenti yakan kwafi abin da injiniya ya rubuta masa. Aikin da nake ba da shawara shi ne a ɗauki maganar yaran mota da 'yan kamasho da masu tallar bakin hanya a tashoshi goma ko sha biyu, daga Daura zuwa Jere, sannan daga Kujama zuwa Gidan Waya, da jerin tambayoyi iri ɗaya. A kowace tasha a rubuta harshen farko na mai magana da garin haihuwarsa, a duba mahaɗin mallaka, a duba wakilin suna ya da ta, a kuma duba ko ƙ da ɗ da ɓ suna nan ko sun koma k da d da b. A sashen Kujama zuwa Gidan Waya a ƙara tambaya ɗaya, wato sunan da tsofaffin wurin ke kiran garin da shi a harshensu, a rubuta shi kusa da wanda ke jikin allo.